Yini ɗaya a Titin Mu'izz da Lambun Azhar

Aikin ido ne ya kai mu Alƙahira. An cire wa Hajiya yana a idon dama, likita ya ce mu koma bayan kwana biyar, zaman ɗaki kuma ya ishe ta. Sai na ɗauko mana ɗan jagora mai jin Turanci, muka yi ciniki a kan yini guda: Titin Mu'izz da safe, Lambun Azhar da yamma.

Titin bai kai faɗin yadda sunansa ya cika duniya ba. Tsawonsa kamar kilomita ɗaya ne, daga ƙofar Futuh zuwa ƙofar Zuwaila, amma shi ne ƙashin bayan birnin tun da kwamandan yaƙi Jauhar ya kafa birnin a 969 da umarnin halifan Faɗimiyya Mu'izz. Masallaci na kallon masallaci, makaranta na jingine da hubbare. Inda muka fi daɗewa shi ne ginin Sarki Ƙalawun na 1285, mai makaranta da kabarinsa da asibitin da ake duba marasa lafiya kyauta. Da jagoran ya ce har yau akwai asibitin ido a harabar, Hajiya ta gyara baƙin tabaronta ta ce, "Ashe gidan 'yan'uwana ka kawo ni."

Daga nan mutumin ya fara ɓata rawarsa da tsalle. Maimakon mu ƙarasa Zuwaila, inda Turkawa suka rataye Sarkin Masar Tuman Bay a 1517, sai ya karkata da mu lungunan kasuwar Khan Khalili, shagon turare, daga nan shagon fitilu, ko'ina wai na abokinsa ne. Wanda ya taɓa shiga Kantin Kwari ya san ɗan kamasho ko da ya sa kwat. Awa guda da rabi ta tafi a banza, ga duwatsun da aka shimfiɗe titin da su suna ba ƙafar tsohuwa wahala.

Lambun ne ya wanke min rai. Ana biyan kuɗin shiga a ƙofar da ke kan titin Salah Salim, ban kuma yi da-na-sanin ko sisi ba. Wurin nan juji ne da birnin ya yi shekara kusan 500 yana zuba wa shara da ɓaraguzai, har ya zama tsauni. Gidauniyar Aga Khan ta kwashe, ta dasa itatuwa a fili mai hekta 30, aka buɗe a 2005. Garin tonon ne ma ganuwar zamanin Salahuddin Ayyubi ta fito daga ƙarƙashin tarkace, ga ta nan a gefen yamma an gyara ta. Ina tsaye a kan ciyawa ina tuna bolar bayan layinmu, wadda ko akuya sai ta yi shawara kafin ta hau.

Akwai hawa da gangara, don haka mai tsoho ya bi a hankali. Kujerun hutawa dai ba su yi ƙaranci ba. Misirawa da tabarmi da kulolin abinci suke zuwa, mu da ba mu sani ba muka ɓuge da shayi mai na'ana'a.

Idan zan koma, ba zan ɗauki jagora ba. Tasi zuwa ƙofar Futuh da sassafe, a taka har Zuwaila, a yi azahar a masallacin Azhar, la'asar ta yi wa mutum a lambu.

Mun zauna a saman tudu har magariba. Masallacin Muhammad Ali na can kudu a kan Ƙal'a, wato tsohon sansanin sarakuna da ke bisa tudu, tsohon birni na ƙasanmu, sai kiran salla ya tashi daga nan, wani ya karɓa daga can, har suka cakuɗe. Hajiya ta cire tabaro, ta rufe idon hagu da tafin hannu, tana ƙirga hasumiyoyi da sabon idon. Ta kai goma sha bakwai na ce mata mu tashi kada mu rasa jam'i.