VLC ko MX Player ɗin mai turin fim?

Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Ka tambayi wace manhajar kallon bidiyo ta fi. Tsakanin VLC da MX Player ɗin da ka ce mai turin fim zai sa maka, ɗauki VLC. Ka sauke shi da hannunka daga Play Store, in kwamfuta ce kuma daga shafin VideoLAN, ƙungiyar da ke yin VLC.

Tun ina ɗalibi a Samaru nake tare da shi. Lokacin bikin ƙanwata mai ɗaukar bidiyo ya ba mu aikin a filashi, duk abin da muka gwada ya ƙi buɗewa, ga Inna ta shimfiɗa tabarma tana jira, ga 'yan'uwa sun taso tun daga Tudun Wada. VLC ne ya buɗe shi, hoto da murya ras. Har yau ina tuna fuskarta da ta ga amarya.

Amma dalilina ya wuce wannan. Mu mun ɗauka fim kallo ne kawai, ba ya cutarwa. Alhali kafin hoto ya fito sai manhajar ta warware fayil ɗin ta zuba shi a ƙwaƙwalwar na'ura. In akwai kuskure wajen auna wurin da zai ɗauki fayil ɗin, mai kutse sai ya ƙera fayil da ya fi wurin da aka tanadar masa, ya malala, umarnin da ya ɓoye a ciki ya fara aiki a wayarka, shi kuwa yana wata ƙasa. A watan Mayun 2017 kamfanin tsaron intanet na Check Point ya nuna cewa ɗan fayil ɗin fassarar da ke fita a ƙasan fim ya isa a ƙwace kwamfuta, kuma VLC na cikin waɗanda abin ya shafa, tare da wasu manhajojin kallo, Kodi da Popcorn Time da Stremio. Ban ɓoye maka ba. Abin da ya riƙe ni shi ne an toshe ɓarakar, gyaran kuma ya iso gare ni. A 2019 ma Tarayyar Turai ta sa lada ga duk wanda ya gano masa aibi, aka fitar da VLC 3.0.7 da ya toshe ɓaraka guda 33.

MX Player na asali yana aiki, sai dai talla.

Wanda masu turi ke sawa kuwa galibi an farke shi ne an cire tallar, kuma irin wannan Play Store ba ya sabunta shi. Ramin da ya zo da shi yana nan har ka sayar da wayar, ban da abin da mai farkewar ya cusa. Na taɓa biyan kuɗi aka sa min shi a wani shago, waya ta riƙa zafi, data na ƙarewa ina barci, sai da na goge komai, hotunan sunan ɗana suka tafi.

Ka yi hattara da masu cewa suna da “VLC Pro” na kuɗi. Ƙarya ce, VLC kyauta ne, babu wani Pro. A Play Store ka duba sunan Videolabs a ƙarƙashinsa, kada ka karɓa ta Xender ko daga hannun amininka ne. In za ka kai turi, ba su memori, wayar ta tsaya a aljihunka. Ka kuma kunna sabuntawa ta kai tsaye.