EVE Online: wasan ya yi, amma lissafin 'yan kwanton ɓauna bai tafi daidai ba

Duk wanda ya tambaye ni ko ya shiga EVE Online, wasan kwamfuta na jiragen sararin samaniya da ake yi a intanet, cewa nake ya shiga, amma sai na faɗa masa abu guda tukuna. A wannan wasa, muddin kumbonka ya fito daga tasha, wani ɗan wasa na iya buɗe maka wuta, ko kana son faɗa ko ba ka so. Babu abin da ya raba kan masu wasan kamar wannan, kuma ina da bakin magana a kai, domin sana'ata a ciki haƙar ma'adinai ce da jigilar kaya, wato ina cikin waɗanda aka fi farauta.

Kamfanin CCP na ƙasar Ayislan ne ya fitar da wasan a 2003. Duniyarsa, New Eden, zango-zango ne na taurari sama da 7,000, kuma in ka cire 'yan ƙasar Sin, kowa a sabar guda yake wasa. Kusan duk kumbon da ke kasuwa wani ɗan wasa ne ya ƙera shi, da ma'adinan da wani ya haƙo, wanda aka fasa kuma ya tafi ke nan. Abin da ya riƙe ni ke nan. Dutsen da na fasa yau yana da mai saye ne saboda jiya an ƙona jiragen wasu a wani yaƙi da ban ma ji labarinsa ba. Don haka ba na cikin masu cewa a hana faɗa. In an daina ɓarna, kasuwata ce za ta fara mutuwa.

Kowane zango yana da makin tsaro. Daga 1.0 zuwa 0.5 akwai 'yan sandan wasan, CONCORD, waɗanda babu mai kuɓuce musu: ka harbi wanda bai yi maka komai ba, kumbonka ya ƙone, babu makawa. Sai dai hukunci suke yi, ba gadi ba. Sai an fara harbi suke tasowa. A zangon 1.0 cikin 'yan daƙiƙu sun iso, a zangon 0.5 kuwa sai a kusa cin daƙiƙa ashirin. A cikin wannan ɗan tsakanin aka gina sana'a sukutum.

A Uedama na ga yadda ake yin ta, a kaina. Zango ne mai makin 0.5 da ke kan hanyar Jita, babbar kasuwar wasan. Tun da zangon Niarja ya faɗa hannun Triglavian, wasu mahara na cikin labarin wasan, a 2020, hanyar tsaro daga Jita zuwa Amarr, wata babbar kasuwar, ta tashi daga zango 9 zuwa sama da 40, kuma ta Uedama take bi. Kamar gada guda ce tsakanin manyan kasuwanni, dole kowane ɗan kasuwa ya taka ta. Tun zango biyu baya wani ƙaramin jirgi ya saita ni na ɗan lokaci ya sake, ashe kayan cikina ya leƙa ya yi musu kuɗi. Ina fitowa daga ƙofar Uedama, kumbona mai nauyi na ta juyawa a hankali don ya ɗauki hanya, sai ga ƙananan jiragen yaƙi na Catalyst sun sauko a dunƙule. Layuka ukun da ke nuna lafiyar jirgi suka rine ja ɗaya bayan ɗaya, ina kallo, hannuna na kan linzami babu abin dannawa. CONCORD suka iso suka ƙone su kaf. Wani jirgin dako da bai harba ko harsashi guda ba ya matso ya kwashe abin da ya tsira, domin a dokar wasan kowane kaya da ke cikin jirgin da ya fashe, ko ya tsira ko ya ƙone, rabi da rabi ne.

Na ji zafi, amma ba harin ne ya tsaya mini a rai ba. Lissafin ne.

Masu kare wannan sana'a kullum cewa suke EVE wasa ne na kasada, gwargwadon kasadarka gwargwadon ribarka. Na yarda. To ina kasadar maharin? Tun kafin ya danna wuta ya san kuɗin Catalyst ɗinsa, jirgi ne mai arha ƙwarai. Ya san yawan jiragen da za su isa, ya san daƙiƙun da yake da su, ya san darajar kayan da ke cikina. Ƙonewar jirginsa ba asara ba ce, uwar kuɗi ce da ya riga ya ware. Bayan harin zai jira minti 15 laifinsa ya goge, ya hau wani. Makin mutuncinsa zai faɗi, amma tun 2013 ana iya gyara shi da wasu lambobi da ake saye a kasuwa. Ni kuma an ba ni haƙƙin ramuwa na kwana 30, a kan mutumin da ba ya hawa komai sai jirgin da ya riga ya sallama. Me zan rama? Wanda ya zuba gumin makonni shi ne ke cikin duhu, wanda ya zuba ɗan canji shi ne ke da tabbas.

Abin da ya ƙara dagula lamarin shi ne mutum guda na iya tuƙa asusu da yawa lokaci guda. An haramta danna maɓalli ɗaya ya motsa su duka tun 2015, amma buɗe su da yawa halas ne. In mutum ashirin suka haɗa kai, suka yi shiri, suka tare ni, sai in ce sun yi aiki, sun ci. Amma mutum guda da tarin asusu, wannan ƙarfin aljihu ne kawai.

Akwai hujjar da aka fi jefo mana. A Fanfest na 2015, taron da CCP ke shirya wa masu wasan, an gabatar da binciken sabbin 'yan wasa kusan 80,000, aka ce wajen kashi 1 cikin 100 ne aka yi wa irin wannan hari, kuma su ne suka fi dawwama a wasan. Ban ƙaryata ba, amma sabon shiga da ya rasa ɗan jirgin da za a iya maye masa a take daban yake da wanda ya yi watanni yana tarawa ya sayi babban jirgin dako. Na farkon ya samu labarin bayarwa. Na biyun sau da yawa kashe kwamfuta yake yi, ba a sake ganinsa.

Gaskiya ne kuma an yi gyare-gyare, kuma na yaba. A 2011 aka daina biyan inshora ga jirgin da CONCORD suka ƙona. A 2012 aka kawo maɓallin kariya mai kore, rawaya da ja, don kada sabon shiga ya aikata laifi bisa kuskure. A 2022 aka hana masu asusun kyauta kai irin wannan hari a yankunan tsaro. Zangunan da sabbin shiga ke fara wasa kuma an haramta farautar su a can. Abin da nake fata nan gaba shi ne a sa maharin ma ya ajiye wani abu mai tsoka da zai iya rasawa, sannan ramuwa ta zama abin da ke da haƙori.

Wani ɓangaren ba na doka ba ne, na tarbiyya ne. Ƙungiyar CODE ta yi suna wajen tilasta wa masu haƙa su sayi takardar izini ta ISK miliyan 10, wato kuɗin cikin wasan, in ba haka ba a fasa su. Karɓar kuɗin bai dame ni ba, fashi ne na cikin wasa. Abin da ban yarda da shi ba shi ne ɗabi'ar wasu maharan ta tsokanar wanda suka fasa har ya fusata, su kwashi kalamansa su baza ana yi masa dariya. Akwai mutum a bayan allon nan, wataƙila daga aiki ya dawo a gajiye. Wannan cin mutunci ne, kuma babu makin tsaron da ke auna shi.

Ga mu da ke wasa inda wuta da sabis ke ɗaukewa ba sallama, shawarar da ake yawan bayarwa ta ka sa ido ba ta wadatar. In intanet ta yanke, kumbonka kan yi ƙoƙarin tserewa da kansa, amma in an riga an riƙe shi, nan zai tsaya har a gama da shi. Na gwada Elite Dangerous saboda wannan, inda kake zaɓar ka yi wasa kai kaɗai, ko da abokai, ko da kowa, kuma in an fasa ka kusan kashi 5 cikin 100 na kuɗin jirgi za ka biya a mayar maka. Hankalina ya kwanta a can, amma cinikin bai yi mini armashi ba, don babu wanda ke jiran kayana. Na dawo.

Wanda zai shiga, asusun kyauta da aka buɗe tun 2016 ya isa gwaji. In ka kai ga manyan jiragen haƙa, ɗauki Procurer mai taurin fata ka bar Retriever, ko da cikin Retriever ɗin ya fi girma. Kada ka bar wa na'ura tuƙi, domin nesa da ƙofa take sauke ka, ka yi ta rarrafe a fili. Kafin ka tashi, buɗe taswira ka duba jiragen da aka fasa a awa guda da ta wuce, ka leƙa zKillboard, shafin intanet da ke lissafa jiragen da aka fasa. In kayan sun yi tsada, raba su gida-gida, ko ka ba masu jigila irin su Red Frog kwangila tare da kuɗin jingina, ta yadda in an tare su a Uedama za a biya ka.