Sharhi kan tiyatar kansar fata da aka yi mini a diddige

Wata shida ke nan da aka cire mini kansar fata, wadda likitoci ke kira melanoma, daga diddigena na hagu. Wani baƙin tabo ne da na daɗe ina ɗauka kanta ce, sai ya fara faɗi, bakinsa ya barbazu kamar tawada ta zube a ƙyalle. Ashe mu masu baƙar fata a tafin ƙafa, tafin hannu ko ƙarƙashin farce ta fi fito mana.

Da farko tabon kawai aka cire aka kai ɗakin gwaje-gwaje. Sakamako ya nuna zurfinta milimita 1.4. Wannan awo, wanda Alexander Breslow ya fito da shi a 1970, shi ke nuna wa likitan fiɗa yawan lafiyayyar fatar da zai haɗa ya yanke: santimita 1 idan zurfin bai wuce milimita 1 ba, santimita 2 idan ya haura milimita 2, irin tawa kuwa tsakanin biyun. Ina kallo ya ɗora 'yar rula a ƙafata ya zana da'ira. Na ce, "Likita, duk wannan?" Ya ce, "Malam, abin da ido ke gani ba shi ne iyakarta ba."

Abin da ya fi burge ni shi ne aikin da ake yi bayan an fito da ni. Likitan ya ɗaura zare a gefe ɗaya na naman da ya cire don kada a rikita sama da ƙasa. A ɗakin gwaji suka shafe bakinsa da tawada, suka daskarar da shi cikin kaki, suka yanyanka siriri suka duba da madubin ƙara girma. Muddin ƙwayoyin kansar suka taɓa tawadar, to mai yiwuwa akwai saura a jiki. Nawa sun taɓa, a gefen da ke kallon tsakiyar tafin ƙafa. Zaren nan ne ya sa aka san daidai inda za a koma, ba a sake zagaye raunin duka ba.

Jiran ne da wuya. Kwana takwas raunin na buɗe cikin bandeji, ina dogara sanduna biyu. Na tambayi dalilin da ba a duba tun ina kan gadon tiyata ba. Ya ce gwajin gaggawa na daskarar da nama da sanyi yakan ruɗi mai dubawa a melanoma, gara a bi ta doguwar hanya. Na gamsu.

Inda suka gaza shi ne bayani. Babu wanda ya gaya mini tun farko cewa ana iya sake yanka, sai da aka kira ni na ji kamar an ce cutar ta dawo. Daren nan ban runtsa ba. Magana ta minti biyu da ta raba ni da wannan fargaba.

A yanka na uku bakin ya fito tsaf. Kaluluwar da aka ciro daga matsematsina don a ga ko cutar ta bazu ita ma babu komai a ciki. Sai a lokacin aka ɗebo fata daga cinyata aka rufe wurin. Har yanzu dashen na yi mini tsami in na daɗe a tsaye, amma duk wanda ya tambaye ni zan tura shi wurinsu, in ce ya nemi kwafin sakamakonsa, ya sa a karanta masa layin da ya yi magana kan bakin yankan.