Windows da Linux a kwamfuta ɗaya: abin dubawa kafin ka biya kuɗi

Tun da Microsoft ya janye tallafi daga Windows 10 ranar 14 ga Oktoba 2025, mutane da yawa suka fara leƙen Linux, wata babbar manhajar tafiyar da kwamfuta kamar Windows, musamman masu laftof na hannu da Windows 11 ta ƙi hawa saboda rashin TPM 2.0, wani ɓangaren tsaro da ke cikin kwamfuta. Sai dai ba kowa ke iya rabuwa da Windows ba, ga Photoshop ga aikin ofis. Ana iya ajiye su biyun, amma ka san hanyar da za ka bi tun kafin ka shiga shago, domin ita za ta nuna maka irin kwamfutar da ta dace da kai.

Mafi arha ita ce raba faifan ajiya ɗaya gida biyu. Da ka kunna, wani allon zaɓi mai suna GRUB zai fito ka zaɓi wadda za ka shiga, Windows ko Linux. Windows 11 na neman 64GB, Ubuntu 24.04 (wani nau'in Linux) kuma 25GB, amma wannan na hawa ne kawai, ba a sa hotuna da manhajoji a lissafi ba. Faifan SSD mai 256GB za ta matse ka, nemi mai 512GB. Haɗarin yana wajen rabon: kuskure ɗaya a allon ɗorawa ya isa ya share Windows da duk abin da ke ciki. Idan kuma batirin ya mutu aka ɗauke wuta ana tsakiyar rage faifan, sai dai haƙuri. Don haka lafiyar batir na cikin ciniki.

Ni dai shawarata faifai biyu, kowacce da nata. Ka sa mai shago ya kwance bayan laftof ɗin a gabanka, ka ga ko akwai ramin M.2 na biyu ko gurbin faifan SATA, wato inda za a sa ƙarin faifai. Kuɗin ya ɗan ƙaru, amma ba ka taɓa kason Windows ba, ranar da ka gaji da Linux kuma ka goge faifanta cikin kwanciyar hankali. Siraran laftof da yawa rami ɗaya gare su, wasu ma RAM ɗinsu (ma'ajiyar wucin gadi da kwamfuta ke aiki da ita) a liƙe yake, ba ya ƙaruwa.

Wanda koyo kawai yake so, manhajar VirtualBox kyauta ce, da ita Linux za ta buɗe a taga cikin Windows. Da RAM 8GB za ta riƙa jan ƙafa, 16GB ya fi. Mai rubuta manhaja kuwa sau da yawa WSL, wato hanyar Microsoft ta gudanar da Linux a cikin Windows, ta wadatar da shi. Masu sha'awar Mac su lura: Boot Camp, manhajar ɗora Windows a kan Mac, na masu firosesar Intel ne, waɗanda suka zo da firosesar Apple, daga M1 ta 2020 zuwa gaba, ba su da shi.

Ka je shagon da filas ɗinka mai Ubuntu ko Linux Mint a kai. Tayar da kwamfutar daga filas ba tare da ɗorawa ba, ka gwada Wi-Fi da sauti da kyamara. Abin da ya ƙi aiki a nan zai iya wahalar da kai a gida.

Kafin ɗorawa, kwashe kayanka zuwa wani wuri, ka kashe Fast Startup (saitin saurin tashi na Windows), ka rubuta mabuɗin BitLocker (makullin faifai na Windows) mai lambobi 48 a takarda. Idan daga baya agogon Windows ya koma baya da awa ɗaya, kada ka zargi mai shago. Linux tana saita agogon na'ura a kan UTC, wato ma'aunin lokaci na duniya, Najeriya da Nijar kuma suna gaba da shi da awa ɗaya, saiti ɗaya ke gyara shi.