Mitigate da prevent ba abu ɗaya ba ne

Ƙanena, ka ce malaminku ya ja jan biro a ƙarƙashin jimlarka, "the drainage will mitigate against flooding", kana tambaya ko mitigate da prevent duk ma'anarsu ɗaya. Ba ɗaya ba ce.

Prevent hanawa ce, abin ma bai auku ba sam. Mitigate kuwa sassautawa ce: cutar ta zo, ko tana tafe ba makawa, kai dai ka rage mata kaifi. Tushenta kalmar Latin ce, mitis, wato abu mai laushi.

Dubi yadda ake yi a unguwanninmu na cikin Katsina in damina ta kankama. Matasa su fito ranar Asabar da shebur da baro, su yashe kwata, su tara ledoji da yashi a gefen hanya. Ba su hana ruwan Agusta sauka ba, ba kuma mai iya hana shi. Amma ruwan da zai shiga ɗaki har gwiwa ya jiƙa gindin katangar laka, sai ya tsaya a bakin zaure ya wuce. Abin da suka yi shi ne mitigate. Wanda ya ƙi gina gida a kan hanyar ruwa tun farko, shi ne ya yi prevent, don gidansa bai taɓa shiga haɗarin ba.

Akwai ta uku da ake haɗa su da ita, alleviate. Ita tana tafiya da wahalar da mutum ke ciki yanzu, ciwo ko yunwa ko talauci. Kayan agajin da aka kai wa mutanen Jibiya bayan ambaliyar 2018 rage raɗaɗi ne, can alleviate ta dace.

Inda na fi son ka riƙe kalmar mitigate shi ne kotu, don a nan Hausa da Turanci suka yi daidai wa daida. Alƙali ya riga ya samu mutum da laifi, sai lauya ya miƙe ya ce wannan ne karonsa na farko, yana da iyali, ya yi nadama, a yi masa sassauci. Dalilan nan su ake kira mitigating circumstances. Ba sa wanke mai laifi, hukuncin kawai suke sauƙaƙawa. Shi ya sa kalmar ba ta zama sai da abu marar daɗi, kamar asara ko haɗari ko ɓarna. Kana iya reduce yawan ɗalibai a aji, amma ba ka mitigate ɗin su. Ni ma dai ina ganin a yawancin rubutun makaranta reduce ta wadatar, ba sai an nemo babbar kalma ba.

Sai jan biron. Malaminku yana da gaskiya. Against ba ta mitigate ba ce, ta wata kalma ce mai kama da ita, militate, wadda ta fito daga kalmar Latin ta soja. Militate against na nufin abu ya zame wa wani abu cikas, kamar yadda rashin taki ke yi wa noma. Kunne ne ke rikita su, har Turawan ma suna faɗawa ramin. Mitigate kai tsaye take ɗaukar abin da ake sassautawa, ba komai a tsakani.

Ka gyara ta haka: "the drainage will mitigate the effects of flooding".