Taron Jin Ra'ayin Jama'a Kan Kasafi: Yana da Amfani, Amma Yana Ɗingishi

Taron da wasu ƙananan hukumomin cikin birnin Kano kan kira don jin buƙatun jama'a kafin haɗa kasafin kuɗi ya cancanci a bar sana'a a halarta, ballantana tun da Kotun Ƙoli ta yanke hukunci ranar 11 ga Yulin 2024 cewa a riƙa bai wa ƙananan hukumomi kasonsu kai tsaye. Jihar Kano na da ƙananan hukumomi 44 da mazaɓu 484, kuma a irin wannan taro ne talaka ke iya haɗa ido da ciyaman da kansilansa.

Shiga kyauta ce, da Hausa ake magana, ga hakimi da dagatai a zaune, ba wanda zai musanta abin da aka faɗa a gabansu. Wannan abin yabo ne.

Matsalar tana farawa daga gayyata. Sanarwa kan tsaya a hannun masu unguwanni da 'yan jam'iyya, a kuma sa taron da hantsi ranar aiki, lokacin da ɗan Kantin Kwari da ɗan Singa ke buɗe shago. Mata, waɗanda suka fi kowa sanin halin da asibitin sha-ka-tafi yake ciki, ba su cika samun lasifika ba. Jawaban manyan baƙi su cinye lokaci, ana kiran azahar a watse.

Su ma mahalarta da nasu laifin. "Ranka ya daɗe, a taimaka mana da kwata" ba ya shiga kasafi, domin jami'in tsare-tsare ba zai iya yanka masa kuɗi ba. Abin da ke shiga shi ne takarda: sunan layi, tsawon kwatar a mita, kwalbati nawa, gidaje nawa ruwa ke shiga da damina, hoto, sannan sa hannun mai unguwa. Buƙata uku sun isa, a jera su bisa muhimmanci. Takarda mai buƙata ashirin aljihun tebur take kwana. A kawo kwafi biyu, a sa a buga wa ɗaya hatimin karɓa a riƙe. A kuma nemi abin da ke hurumin ƙaramar hukuma: firamare, asibitin matakin farko, kasuwa, shara, maƙabarta. Taransifoma da titin tarayya masu su daban ne.

Lokaci ma abin dubawa ne. Shekarar kasafi daga Janairu take farawa, don haka taron da aka kira a Disamba ya tarar an gama rubutu. Agusta ko Satumba ya dace.

Babban giɓin shi ne shiru bayan taro. Da wuya a ga an manna jerin buƙatun da aka ɗauka da waɗanda aka ajiye, kuma wannan ne ke sa mutane ƙin dawowa baɗi. Kwamitin unguwa ya tura mutum biyu wurin kansila bayan wata guda, da kwafin nan mai hatimi, su nemi a nuna musu shafin da aikinsu ya faɗo.