Numerai: makaranta ce mai kyau, amma kar a ɗauke ta albashi

Wata uku kenan ina taɓa Numerai, bari in faɗi abin da idona ya gani. Ga wanda bai sani ba, kamfanin zuba jari ne a San Francisco ta Amurka, Richard Craib ya kafa shi a 2015, kuma maimakon ya tara masana lissafi a ofis yana biyansu sai ya buɗe ƙofa ga kowa, ga bayanan kasuwar hannun jari nan kyauta, ka zauna da kwamfutarka ka gina tsarin hasashe ka turo, su kuma su haɗa na jama'a wuri guda su yi saye da sayarwa da shi.

Ranar da na sauke fayil ɗin kaina ya ɗaure wallahi, babu sunan kamfani ko ɗaya a ciki. Lambobi ne zalla layi bayan layi, ba ka san ko Apple kake yi wa hasashe ba ko wani kamfanin siminti, har kanun ginshiƙan ma wasu kalmomi ne marasa kan gado. Lalube a duhu dai. Kuma ban ga laifinsu ba, da tsada suka sayi bayanan, ba za su bari ka kwashe ka je ka buɗe naka ba.

Inda suka burge ni shi ne maganar ajiya. Turo hasashe kyauta ne, amma in kana son a biya ka sai ka ajiye NMR, kuɗin kirifto da suka fitar a 2017, hasashenka ya yi daidai a ƙara maka, ya kauce a ƙona wani kaso na ajiyar, ba aljihunsu ma yake shiga ba, ƙonewa yake ƙurmus. Dabara ce babba, don ciwon neman basira wurin taron jama'a shi ne kowa na iya ƙera tsarin da ya haddace abin da ya wuce tsaf, gobe kasuwa ta juya ya faɗi warwas. In kuɗin mutum na ciki ba ya turo shirme. Ku tuna Quantopian ta Boston, wani kamfani da shi ma ya buɗe ƙofa ga jama'a su turo tsare-tsarensu, a 2016 attajirin ɗan zuba jari Steve Cohen ya yi alkawarin zuba har dala miliyan 250 a tsare-tsaren mutanenta, amma 2020 ta rufe.

To amma fa hatsari biyu ka ɗauka, na hasashen da na farashin NMR kansa, za ka iya cin gasar amma farashin NMR ya zube ka tashi a tutar babu. Ga jira, sai an kwashe makonni kafin sakamakon zagaye ɗaya ya kammala. Gasar da wani kamfanin zuba jari, Two Sigma, ya sa a Kaggle, shafin gasar masu gina tsarin hasashe, a 2016 ba ta da wannan hatsarin, ladan dala 100,000 ne a raba wa waɗanda suka ci kowa ya kama gabansa.

Ni dai har yanzu ban ajiye ko NMR ɗaya ba, turowa kawai nake ina kallon makina yana hawa yana sauka. Mai ɗan sanin Python, yaren rubuta manhajar kwamfuta, ya fara a haka.